Ragowar Yadi Da Zafin Legas

Maman 'Yan Biyu, Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ragowar atamfar Sallah da wani shifon kamar yadi 2. So nake in fitar da 'yar riga mara nauyi da zan riƙa ɗorawa a kan kaya, don zafin nan ya ishe ni, abaya kuma a cikin motar haya ta danfo azaba ce. Ku ba ni shawara.

Anti Mai Keke, Idi-Araba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kimono za ki yi, wato riga mai buɗaɗɗen gaba, ba shi da wahalar yanka. Ki ninka shifon ɗin biyu, ninkin shi ne kafaɗa. Ki tsaga gaba kaɗai daga ƙasa har wuya, ki ɗan zagaye wuyan ta baya. A gefe ki bar inci 9 ko 10 daga kafaɗa don hannu, ki ɗinke sauran. Yadi 2 in an ninka inci 36 ke nan, zai kusa kai miki gwiwa. In har ƙasa kike so, sai yadi 3. Atamfar kuma ki yanka ta tsiri mai faɗin inci 4, ki ninka, ki bi gaban da wuyan da ita. Ita za ta ba rigar nauyin da za ta zauna a jiki.

Uwargida, Mile 12: Anti ta gama magana kan yanka, amma ni shifon ɗin ne ban yarda da shi ba. Yawancinsa roba ne, kuma zafin Legas ba irin na Kano ba ne, a nan gumi ba ya bushewa, sai yadin ya manne a baya. Yanki ɗan ƙyalle ki kusanta shi da ashana. Auduga takan yi warin ƙonannen takarda ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take ta dunƙule da tauri. In roba ce, ki nemi boyel na auduga a kasuwar Balogun ko Oshodi.

Amarya, Obalende: Don Allah a wanke atamfar tukuna. Wata tana zuba, tana kuma ɗan tsukewa, sai ta ɓata miki ɗayan yadin.

Anti Mai Keke: Gaskiya ne. In kuma shifon ɗin za ki ɗinka, sa allura lamba 9 ko 11, ki shimfiɗa takarda a ƙarƙashinsa don kada ya zame, in kin gama ki yage ta. Bakin kuma a kai wa tela ya yi wibin, wato ɗinkin kame bakin yadi, kafin kalmasa, don yana zarewa.

Maman 'Yan Biyu: Na gwada shifon ɗin da ashana, narkewa ya yi. Allah ya saka da alheri. Uwargida, in za ki Oshodi ranar Asabar ki taɓa ni mu je tare, ban iya bambance boyel mai kyau ba.

Uwargida: Insha Allah. Ki taho da ƙyallen atamfar mu haɗa kala.