Taƙaitaccen Bayanin Shawarwari Kan Kyautar Saƙa da Ɗinki

A wata tattaunawa da masu saƙa da ɗinki suka yi kan yin kyauta da aikin hannu, abin da aka fi nanatawa shi ne lokaci. Hula ko jakar hannu takan kammalu cikin 'yan kwanaki, amma rigar sanyi ko bargo kan ci makonni, don haka wanda ya fara a makare yakan miƙa aikin gaggawa, wanda kurakuransa ba sa ɓuya.

Sun daɗe kan batun zare, kuma a ganina sun yi daidai. An shawarci mai saƙa ya sayi dukkan zaren da zai buƙata lokaci guda, daga rini ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta tsakanin rini da rini, kuma bambancin yana fitowa fili bayan an haɗa aikin. Saƙar kwarashi ta fi saƙar allura biyu cin zare, saboda haka a ƙara a kan lissafi. Kafin a fara, a saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10, a wanke shi, a auna, musamman idan ulu ne, tunda ruwan zafi yana sa shi ya ƙanƙance ya dunƙule.

Maɗinka kuma sun ce a wanke yadin auduga kafin a yanka shi. Idan kyautar ta jariri ce, a guji maɓallai da duwatsun ado da zai iya cirewa ya haɗiye, sannan a haɗa ta da 'yar takarda mai bayanin yadda za a wanke ta.