Neman zuriyar wadda aka kama a harin Maraɗawa: ta ina ake farawa?

Ɗan Batsari: Assalamu alaikum. A wani gida na ƙasar Ruma, dattawa sun ce an kama ƙanwar kakan kakansu a harin Maraɗawa kafin zuwan Turawa, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Sunanta kaɗai aka riƙe. Akwai hanyar gano zuriyarta yanzu?

Malam na Ƙofar Soro: Wa alaikumus salam. Sunan nan shi ne mafi rauni cikin abin da ke hannunsu, don wanda ya sayi baiwa yakan laƙaba mata wani, irin su Alheri ko Nagode. A fara da tsofaffi, musamman mata, a ɗauki muryarsu a waya, kowa shi kaɗai. In aka tara su wuri guda, sai duk su bi bakin babbansu. A tambayi zamanin wane sarki ne, tana yarinya ko ta yi aure, wace irin tsaga ce a fuskarta, kuma an taɓa aika fansa ko ba a aika ba. Maganar fansa tana da nauyi, domin gidan da ya nemi fansar ɗansa yakan san garin da aka kai shi da fataken da suka kawo labari. Tsagar kuwa a kai bayaninta wurin wanzamai na gado. Amma ita kaɗai tsagar za ta nuna, 'ya'yanta na gidan da aka haife su za a yi musu.

Hajiya Mai Kundi: Malam ya yi daidai. Ga ɓangaren takardu. Dokar Turawan Ingila ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, sannan aka soke bauta gaba ɗaya a 1936. A tsakanin nan an riƙa rubuta rajistar bayin da aka 'yanta, da suna, shekaru, ƙabila da inda mutum ya nufa. Ana neman su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa (National Archives) da ke Kaduna, a leƙa Arewa House ma, cibiyar binciken tarihi da ke garin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne neman fayil ɗin Lardin Katsina. Ba a kafa lardin ba sai 1934; kafin 1926 Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano ne, daga nan ta koma na Zariya. Sannan Bature yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji, don haka a gwada rubutu iri-iri.

Sai dai in a Maraɗi ko Tasawa ta zauna, a lokacin ƙasar tana hannun Faransa, takardun suna Yamai da Faransanci. In kuma an bi da ita ta Agadas zuwa Gat ko Tarabulus a Libiya ta yanzu, takarda ba za ta yi wani amfani ba.

Dakta Kusugu: Gwajin DNA yana taimakawa, amma a san wa za a gwada. Tunda mace ce, wanda ake gado ta wajen uwa ake so, wato a samu wanda ya fito daga mahaifiyarta ta hanyar mata zalla: 'yar mahaifiyar, 'yar 'yarta, haka har ƙasa. Gwajin jikan ɗan'uwanta namiji ba zai ba da wannan ba. Gwajin dangi na gama-gari kuma yana dusashewa bayan kaka biyar zuwa shida, shi ya sa ake fara da mafi tsufa a gidan. Kuma sai in can ma wani ya yi gwajin za a haɗu, mutanenmu kuwa kaɗan ne a rumbunan bayanai na kamfanonin gwajin.

Malam na Ƙofar Soro: Ƙari ɗaya. In ta zama ƙwarƙwara ta haihu, a shari'a 'ya'yanta 'ya'ya ne, da ubansu ake lissafa su, ƙila jikokin ba su ma san asalinta ba. Kada a faɗa gidan mutane da kalmar bauta, gori za su ɗauka, su rufe ƙofa. A bi ta hannun mai unguwa ko limamin garin, a ce zumunci ake nema.