Lens ɗin hoton fuska mai araha: wanne kuka saya, kuma yaya kuka same shi?

Mai tambaya (sabuwar mai ɗaukar hoto, Kano):
Assalamu alaikum yayyena. Canon 2000D gare ni, da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55mm. Yawancin aikina wajen kamu ne da sa lalle, inda maza ba sa shiga. Damuwata ita ce hoton amarya ba ya fita yadda nake so: labule, kujeru da kwanukan da ke bayanta duk suna fitowa tar, kuma da magariba ta yi hoton sai ya yi duhu. Kuɗina ba su da yawa. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya min abin da ya saya.

Mai ɗaukar hoton biki, Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Nemi Canon EF 50mm f/1.8 STM. Da shi na fara, kuma har yau yana cikin jakata. Lens ɗinki idan kika ja shi zuwa 55mm, buɗewarsa f/5.6 ce kawai (lambar f ita ce awon ƙofar da haske ke shiga: in lambar ta ragu, ƙofar ta ƙara faɗi). Wannan kuwa yana buɗewa har f/1.8, hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Shi ke nan maganin duhun magariba, shi ne kuma zai sa bayan amarya ya dushe, ita ta fito ita kaɗai. Ranar farko da na gwada shi, wata tsohuwa na ɗauka a zaune bakin ƙofa. Zanen kalangun da ke kumatunta ya fito ɗaya bayan ɗaya, katangar da ke bayanta kuwa ta zama kamar hazo. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Akwai tsohon samfuri mai lamba II, wanda gindinsa roba ne. STM ɗin da ya fito a 2015 gindin ƙarfe gare shi, kuma ba ya ƙara sosai in yana neman fokas, wato wurin da zai fito ras a hoto. In bambancin kuɗin kaɗan ne, ki ɗauki STM.

Mai studiyo, Maraɗi:
Gaskiya ne, amma Malam bai faɗi wahalarsa ba. Kyamararki ƙaramin sensa gare ta (abin da ke ɗaukar hoto a cikinta), don haka 50mm zai yi miki aiki kamar 80mm a kyamara mai babban sensa, wato zai ƙara jawo abu kusa. Kafin ki ɗauki amarya daga ɗankwali har takalmi sai kin ja baya wajen mita huɗu. Wane ɗakin amarya ne ke da wannan fili, ga gado ga kabad ga ƙawaye sun cika ko'ina? Ni na taɓa manna bayana da bango, na fita har tsakar gida ina ɗauka ta ƙofa. Kada ki sayar da 18-55 ɗinki. Shi na taro ne da cikin ɗaki, 50mm na fuska da rabin jiki.

Wata mai ɗaukar hoto, Kaduna:
'Yar'uwa, abin da ya ci ni shi ne zumuɗi. Da na sayi nawa, komai a f/1.8 nake ɗauka. Na dawo gida na buɗe hotunan a kwamfuta, sai na ga ido ɗaya ya fito ras, ɗayan ya dushe. Wani hoton ma ɗankunne ne ya samu fokas, fuskar ba ta samu ba. Na ji ciwo sosai, don kamu ba a maimaita shi. Yanzu mutum ɗaya ina sa f/2.2 zuwa f/2.8, in ɗora fokas a kan idon da ya fi kusa da ni. In amarya da ƙawayenta ne, f/4 ko f/5.6. Kuma ki zaunar da ita kusa da taga, ki nisanta ta da bango ko da taku uku ne.

Ɗalibi mai Nikon, Sakkwato:
Ga masu Nikon da ke karantawa: na sayi 50mm f/1.8D don ya fi araha, ban san ba shi da injin fokas a cikinsa ba. D3200 ɗina ita ma ba ta da shi, sai da hannu nake murɗawa. Masu jerin D3000 da D5000, f/1.8G za ku nema, mai rubutun AF-S.

Dattijo a sana'a, Katsina:
Yarinya, tunda kuɗin kaɗan ne, na san na hannu za ki nema, to ki saurara. Ki je da kyamararki. Ki cire murfin gaba da na bayan lens ɗin, ki haska tocilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, duk wanda ya yi aiki da hunturu lens ɗinsa na da ita. Amma in kika ga wani fari-fari kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, ki ajiye ko nawa aka rage miki. Wani mai shago ya taɓa sayar min da irinsa a nannaɗe cikin leda mai kyau, ban duba ba. Damina ɗaya ta wuce, hotuna suka koma kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi. Ki ɗauki hoton mai shagon a nan take, ki zuƙo idonsa a allo ki gani.

85mm f/1.8 shi ne nawa na fuska, amma a kyamararki zai zama kamar 136mm. Sai waje, sai fili. Bar shi tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka, na samu STM na hannu, na haska shi, cikinsa tas. Jiya na gwada da ƙanwata a bakin taga a f/2.5, har zanen lallen yatsunta ya fito da ta tallafi haɓa. Asabar ina da kamu, ɗakin ƙarami ne, zan tafi da lens ɗin duka biyu.