Ingausa ce ke lalata wa yaran Kaduna harshe?

Maman 'yan biyu, Unguwar Dosa: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana: Ingausar da yaranmu suka ɗauka ta cinye musu Hausa, ba ta kuma ba su Turanci ba. Jiya 'yata mai shekara 15 ta ce min, "Umma zan yi calling ɗinki later, ina busy." Na ce ta maimaita da Hausa zalla, ta tsaya tana lalube. Na ce to da Turanci zalla, nan ma ta sarƙe. Ba tsuntsu ba tarko. Kakarta ta zo daga Zariya, bayan gaisuwa hira ta gagara. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Malamin sakandare, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ji zafinki, amma ba Ingausa ce cutar ba. Ni nake gyara takardunsu. Yaro zai wuni yana tura saƙo a WhatsApp, amma sati ya zagayo bai karanta shafi ɗaya na littafi ba. WAEC kuwa insha'i take nema mai kalma 450, ga fahimtar rubutu, ga taƙaitawa. Sai ka ga an rubuta "u" a madadin "you" a takardar jarrabawa. Kuma duk mun sani, babu kiredit a Turanci babu jami'a, JAMB ma dole ka rubuta shi ko me za ka karanta. Tushen ma a duba: a 2017 da gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 cikin 33,000 ne suka faɗi. Yaran da suka bi ta hannunsu su ne samarin yau.

Ɗan aji shida na sakandare, Kawo: Malam, Umma, ku gafarce ni. Rabin Turancina a gidan kallon ƙwallo da YouTube na samo shi. In na haye gada zuwa Barnawa ko Sabon Tasha, abokaina wasu Hausa wasu buroka, dole baki ya juya. A gida da Islamiyya kuwa Hausa nake yi tsab. Amma ina firamare an ci ni tarar naira 50 don an ji ni ina Hausa a aji, aka sa sunana a allo. Tun muna ƙanana aka nuna mana Hausa abin kunya ce, yanzu kuma ana tuhumarmu da gudunta.

Tela, Kasuwar Barci: Yaron nan ya yi gaskiya. Ɗan ƙanwata ne ke amsa min kwastomomin Legas a Instagram. Turancin nasa ba na jarrabawa ba ne, amma da shi ɗinki ke fita.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Malali: Aro ba sabon abu ba ne. Mota, tebur, asibiti, duk daga Turanci muka ɗauko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, kwabon da ke sunanta ma aro ne. Sai dai waɗancan an tanƙwara su sun zama namu. Wanda ya ajiye "anjima" ya ɗauki "later" ba rashin kalma ya sa shi ba, a nan ina tare da Hajiya. Gwamnatin tarayya ma ta kasa tsayawa wuri ɗaya: a 2022 aka ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 aka soke.

Maman 'yan biyu: Baba, ka faɗi abin da ke raina. Kai kuma ɗana, tarar nan zalunci ce, ban musa ba. Amma wa ya ci tarar 'yata a ɗakina?

Malamin sakandare: Hajiya, wane littafi ne a ɗakin, na Hausa ko na Turanci?

Maman 'yan biyu: Na makaranta ne kawai, Malam. Turo min sunayen waɗanda suka dace da shekarunta, na harsunan biyu, gobe zan shiga kasuwa.