Me za mu kira jirgin da Jamusawa ke ce wa Höhenaufklärer?

Jama'a, ku matso mu daddale sunan nan. "Jirgin leƙen asiri" dai kowa ya san shi, kullum muna jin sa a rediyo, shi ne ma'anar rabi na biyu na kalmar, Aufklärer. Rabin farko na kalmar Jamusancin, Höhe, wato tsayi, shi ne ya tsaya mana a wuya.

Kafin a raɗa suna sai an ga jariri. Ku ɗauki Junkers Ju 86P, jirgin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fara tashi a 1940. Mutum biyu kacal yake ɗauka, suna zaune cikin ɗaki rufaffe ruf, ana matsa musu iska a ciki har su ji kamar a mita 3,000 suke, alhali jirgin ya haura mita 12,000. Injinansa biyu ne, Jumo 207, masu shan dizal, da na'urar da ke ɗura musu iska, domin a can sama iska ta yi ƙaranci, inji ma shaƙewa yake yi. Samfurin da ya biyo baya, Ju 86R, an miƙe masa fikafikai har mita 32, yana wuce mita 14,000. Da farko ko bindigar kare kai ba a sa masa ba, sai kyamarori a ciki. Nisan da ya yi da ƙasa shi ne garkuwarsa. Da irinsa rundunar Theodor Rowehl, hafsan sojan saman Jamus, ta riƙa ɗaukar hotunan Tarayyar Sobiyet kafin farmakin da Jamus ta kai mata a Yunin 1941. To duk sunan da bai nuna wannan ba, bai kama ba.

Wani ya kawo "jirgin sintiri". A'a, ɗan'uwa, mai sintiri kai-komo yake yi, yana ma son a gan shi. Wannan kuwa leƙe zai yi ya wuce.

"Na sararin samaniya" ma na ajiye shi gefe. Mai karatu zai ɗauka kumbo ne.

Malaminmu ya ce "maɗaukakin jirgi". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ta fuskar nahawu ba abin cewa, amma kunnen Bahaushe ya riga ya ba wannan kalma wani muhalli na girma, ba na so mu jingina ta ga jirgin sojan Hitler.

Wadda ta ce "mikiya" ta kusa sace min zuciya, don mai hangen nesa ce, ga tashi sama. Sai dai kirari ne. In ka rubuta "mikiya uku sun tashi daga Kirit", sai ka bi da bayani, kuma gobe wani zai laƙaba wa jirgi maras matuƙi.

Saura biyu: "na ƙololuwa" da "mai lulawa sama". Ƙololuwa tana da kyau, amma tana nufin ƙarshe, inda babu gaba, kamar ta dutse ko ta bishiya. Tsayin jirgin nan kuwa tsere ne. A 1942 yana tasowa daga tsibirin Kirit ya ɗauki hotunan Iskandariyya da Alƙahira, sojan Ingila na kallo ba yadda za su yi. Sai makanikan sojan saman Ingila a Abu Ƙir, kusa da Iskandariyya, suka kama jirginsu na yaƙi, Spitfire, suka yi masa sanƙo: suka cire sulke, suka rage bindigogi da duk wani nauyi. Ranar 24 ga Agusta ɗaya ya cim ma Ju 86 a wajen mita 12,800 ya buɗe masa wuta. Ranar 12 ga Satumba aka sake yin irin haka a saman birnin Southampton na Ingila. Kun ga ashe ba ƙololuwa ba ce, an kamo shi.

Lulawa kuwa aiki ne, abu ya yi ta nisa har ido ya gaza. Haka muke cewa tsuntsu ya lula, farashi ya lula. Abin da jirgin yake yi ke nan.

Don haka ni na tsaya a kan "jirgin leƙen asiri mai lulawa sama". In an ambace shi sau ɗaya a rubutu, daga nan "mai lulawa" ya wadatar, jam'i "masu lulawa". Ku gwada a baki: "Masu lulawa biyu sun ratsa Alƙahira da hantsi." Mai ja ya kawo jimlar da sunan ya ƙi zama a ciki.