Gumbo irin na Kajun: yaya ake suyar fulawar ba ta ƙone ba, kuma me zai maye gurbin naman alade?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya san girkin mutanen Kajun na jihar Luwiziyana a Amurka, musamman miyarsu ta gumbo. Abu uku ne suka ɗaure min kai. Fulawar da ake soyawa da mai a farko, me ke sa ta ɗaci? Sosej ɗin da suke sakawa na alade ne, da me za a musanya shi? Sannan abincin biki ne ko na kullum?

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Wannan soyayyar fulawa da suke kira "ru" ita ce ginshiƙin miyar. In ta lalace babu abin da zai gyara tukunyar.

Ki auna man gyaɗa kofi 1, fulawa kofi 1. Kada ki sa bota, tana ƙonewa tun fulawar ba ta yi nisa ba. Tukunya ta zama ta ƙarfe mai kauri, domin marar kauri tana tara zafi wuri ɗaya. Kafin ki kunna wuta, ki yanka albasa kofi 2, koren tattasai kofi 1, seleri kofi 1, ki ajiye kusa da hannunki, don da kin fara juyi babu tashi.

Wuta matsakaiciya. Ki juya da faffaɗan cokalin katako, kina kankare gindin tukunya da gefenta, na minti 30 zuwa 45. Za ta tashi daga fara zuwa ruwan ƙasa mai haske, ta yi ja-ja, har ta kai launin cakulan. A minti goma na ƙarshe take gudu, nan ne ake rage wuta. Idan kika ga ɗigo-ɗigon baƙi a ciki, ta ƙone, ɗacin kuma daga nan yake. Zubarwa ake yi a wanke tukunya a sake. Sukari ko ƙarin ruwa ba sa ɓoye shi.

Da launin ya kai, ki juye albasa da tattasai da seleri a kai. Ruwan jikinsu ne ke tsayar da suyar. Ki kawar da fuska saboda tururi, ki kuma kula da hannu: ru ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma mannewa take yi a fata. Bayan minti 5 ki sa tafarnuwa, sannan romon kaza lita 3, ludayi-ludayi kina juyawa. In aka kwara shi gaba ɗaya, fulawa na iya curewa, mai ya rabu ya yi iyo a sama. Gishiri, masoro, garin barkono, ganyen ƙamshi da ake kira bay guda 2, sai a bar ta a ƙaramar wuta ana kwashe man da ya taso.

Kada ki yi mamaki in miyar ba ta yi kauri ba. Duk yadda fulawa ta ƙara duhu, ƙarfin kaurinta raguwa yake yi. Gumbon Kajun dama mai ruwa-ruwa ne.

Malam Habu:
Hajiya Rabi ta gama magana kan suya. Ga batun nama. Abin da sosej ɗinsu na alade, wanda suke kira andouille, ke kawowa tukunya shi ne ƙamshin hayaƙi da tafarnuwa da yaji, ba komai ba. Don haka kyafaffen talotalo ko sosej na naman sa da aka kyafa, rabin kilo, yana yin aikin. A duba fatar sosej ɗin da kyau, wani ana cusa naman sa ne a hanjin alade. In babu ko ɗaya, a kyafa cinyoyin kaza a kan gawayi kafin a saka.

Kaza kuma, tsofaffin Kajun sun fi son tsohuwar kaza, wadda ke jure awa 2 zuwa 3 a wuta. Kazar gida ta dace ke nan. Ta gidan gona dagargajewa take yi, sai a sa ta a minti 45 na ƙarshe.

Tumatir ba ya shiga. Saka tumatir salon Kiriyol ne, wata al'umma daban ta birnin New Orleans, Kajun na karkara wajen garin Lafayette ba sa yarda da shi.

Anti Rabi:
Malam, a ƙara da kuɓewa. Daga Afirka ta je can ta hanyar bayin da aka kwasa. Amma su ba sa son yauƙi kamar yadda muke so. Ana yanka rabin kilo a soya daban na minti 20 har yauƙin ya mutu, sannan a zuba. Wasu kuma garin file suke amfani da shi, wato busasshen ganyen bishiyar sasafras da suka koya daga ƙabilar Choctaw, 'yan asalin Amurka. A ido kamar garin kuka yake, sai dai shi ba a tafasa shi. Rabin ƙaramin cokali ake barbaɗawa a kwano bayan an sauke. In ya tafasa, miyar zare-zare take yi. Gidaje da yawa ɗaya suke zaɓa, ko kuɓewa ko file.

Baban Hanifa:
Tambaya ta uku ce ba a taɓa ba. Kajun jikokin Faransawan Akadiya ne, yankin gabashin Kanada na yanzu, waɗanda Turawan Ingila suka kora tun daga 1755. Wani ayari ya iso Luwiziyana a 1765 ƙarƙashin Joseph Broussard, wasu kuma suka zo a jiragen ruwa 7 daga Faransa a 1785. Manoma ne da masunta masu iyali da yawa, shi ya sa girkinsu na tukunya ɗaya ne, mai iya ciyar da gida guda da kaza ɗaya da shinkafa.

Gumbo na kullum ne, kuma na taro. Da sanyin farko ya sauko ake ɗora shi, haka ma a daren jajibirin Kirsimeti. A Juma'o'in azumin Katolika, da ba su cin nama, na jatan lande da ƙaguwa ake yi, wasu su jefa dafaffen ƙwai. Babban taronsa shi ne lokacin Mardi Gras, bikin da ake yi gab da fara azumin Katolika, a ƙauyuka irin su Mamou da Church Point: mahaya dawaki sanye da kayan rufe fuska suna bin gida-gida, shugabansu na neman izinin maigida kafin su shiga, su yi waƙa da rawa, a ba su shinkafa ko albasa, ko a jefa musu kaza mai rai su bi ta da gudu. Da yamma gari ya taru a kan gumbo.

Wajen zubawa, shinkafa kaɗan, miya da yawa, a kwano mai zurfi. A yankin Lafayette har kwaɗon dankalin turawa suke ɗorawa a gefe ko a tsoma shi ciki.

Malam Habu:
Abu ɗaya da ke ɓata wa mutane aiki, Maman Sadiq: ajiya. Gumbo ya fi daɗi washegari, amma babbar tukunya a rufe tana daɗewa da ɗumi a tsakiya, ta yi tsami har da kumfa kafin safe. Cikin awa 2 da saukewa ki raba shi a ƙananan robobi marasa zurfi, ki sa a firiji, shinkafar kuma daban. Yana kai kwana 3 a haka. In za a ɗumama, a bar shi ya tafasa sosai, file kuwa sai an zuba a kwano.