Gilashin duniyar kwaikwayo: jikokinmu za su ɗauke shi kamar waya?

Yaya Auwalu: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya a Samaru wani ɗalibin ABU ya ɗaura mini gilashin nan Meta Quest a fuska. Ina tsaye a ɗakinsa, amma duk inda na juya kai ƙarƙashin teku nake gani, kifi na wucewa ta gefen kunnena, har na kai hannu zan taɓa. Ku rubuta ku ajiye, jikokinmu za su ɗauki abin nan kamar yadda muka ɗauki waya.

Anti Hauwa: Wa'alaikumus salam. Auwalu, da wace wutar? Cajinsa wajen awa 2 yake yi. Na kamfanin Apple kuwa a kan dala 3,499 ya fito a 2024. Wa zai bar buhun masara ya sayi wannan?

Yaya Auwalu: Anti, a 2001 da GSM ta shigo, layi kaɗai ya kai naira 20,000. Yau mai rake a Ƙofar Doka ta waya ake tura masa kuɗi.

Kawu Bala: Wajen koyo na yarda da kai, don ba baƙon abu ba ne a garin nan. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana Zariya tun 1964. Ɗalibi zai zauna cikin na'urar kwaikwayon jirgi, malami ya kashe masa inji da gangan ko ya turo masa hadari, ya yi ta gwada sauka alhali bai bar ƙasa ba. In ya faɗi, a sake. Da ɗaliban likitanci a asibitin koyarwa na Shika za su samu irinsa kafin su taɓa mara lafiya, ni ne farkon mai murna. Amma aji daban, zaman gida daban.

Maryam: Kawu, akwai kuma jiri. Ido na gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, cikin kunne na cewa a zaune ake, sai tashin zuciya. Ni minti 10 na yi na cire. Kuma tun 2014 kamfanin Facebook ya sayi Oculus, masu ƙera irin gilashin nan, a kan dala biliyan 2, ya sauya sunansa zuwa Meta a 2021, har yau gida nawa ka ga abin, Yaya?

Anti Hauwa: Ni tsorona yara. Yanzu ma sai na kira Khalifa sau uku kafin ya ɗago daga waya, tuwo na hucewa a gabansa. Amma dai ina ganin idonsa, ina leƙa abin da yake kallo. In ya rufe fuska ruf, ta ina zan sani?

Kawu Bala: Kuma a ce yaro ya kalli Hawan Daushe a gilashi ya ce ya je? Ina ƙura, ina algaita, ina ƙasar da ke motsi in dawaki sun taho jahi? A 2021 Saudiyya ta fito da ganin Hajarul Aswad ta wannan na'ura, ba wanda aka kira alhaji a kan haka.

Sadiku: Kawu, a yi mini afuwa in sa baki. Shekarata 4 a Ingila ban yi Sallah a gida ba. Da zan sa gilashi in gan ni a ƙofar fada, in waiga in ga Inna a gefena, wallahi ko nawa ne zan saya. 'Ya'yana a nan aka haife su, ganuwar Zazzau a hoto kawai suka sani.

Yaya Auwalu: Kun ji ko? Ran Juma'a zan aro shi in kawo Kwarbai, kowa ya sa.

Kawu Bala: Kawo, zan sa. Kai kuma Sadiku, Babbar Sallah ka taho da yaran, ɗakinka na nan.